Tsagar da na goge daga fuskar Kawu

Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, gare shi kuma dukanmu muka nufa. Kwana uku muka yi a ƙofar gida a kan tabarmi, mutane suna zuwa daga cikin Daura, daga Zango, daga Mai'adua, har da waɗanda suka tsallako ta Kongolam. Ni ɗan yayarsa ne, kuma ni nake riƙe da shagonsa na hoto, shi ya sa aka zaunar da ni kusa da babban ɗansa. Duk wanda ya gama yi masa gaisuwa sai ya juyo kaina.

Tun ranar farko na lura da wani abu, kuma ba zan ɓoye ba, haushi ya ba ni. Mutum zai durƙusa ya ce ya haƙuri, a shafa fatiha, maimakon ya tashi ya ba na baya wuri sai ya cusa hannu a aljihu ya zaro hoto. Ba hoton Kawu ba, hoton kansa. Na ce a raina, to, makoki muke yi ko baje koli? Sai daga baya na gane ba su da wani abin da za su kawo. Shekara hamsin da wani abu mutumin nan yana ɗaukar fuskokin mutanen ƙasar Daura, kowa da abin da ya bar masa.

Wani tsohon dillalin shanu daga Mai'adua sai da ya warware leda uku kafin ya kai ga nasa. Saurayi ne a ciki, ya dafa kujera, sanye da riga shuɗiya.

"Rigar nan fara ce," in ji shi. "Na ce masa shuɗiya nake so amma ba ni da halinta. Ya ce in dawo jibi. Na dawo na tarar ya rina min ita da ɗan burushinsa. Sai na samu fuska, na ce to Malam, haƙorin nan da saniya ta karya min fa, a cike min shi mana. Wallahi ba ku ga kallon da ya yi min ba! Ya ce riga taka ce, kana iya canjawa, haƙori kuwa je ka tambayi saniyar."

Aka kwashe da dariya a wurin makoki, har aka koma yin istigfari.

Limamin unguwarmu, wanda ya shekara talatin suna musu da Kawu a kan hukuncin hoto, bai yi dariya ba. Ya jira wuri ya lafa, ya ce shi har gobe bai gamsu da sana'ar ba, amma ya shaida bai taɓa kama mamacin da ƙarya ba, a baki ko a takarda. Kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Ni ma na ce amin, na sunkuyar da kai, don na san a shagon nan an yi ƙarya, kuma na san hannun da ya yi ta.

A cikin gida kuwa, mata suka ce Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Ita ce yayarsa, su biyu suka rage a ɗakinsu. Tana zaune da carbi, duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ni ce babba. Shi ya kamata ya kai ni."

Rana ta uku, bayan an naɗe tabarmi, babban ɗan Kawu ya ja ni gefe. Taubashina ne, a Kaduna yake aiki, kuma tun da na fara mayar da hoto kamar zanen fenti a kwamfuta bai ƙara kirana da sunana ba.

"Mai fenti," ya ce, "so nake ka yi min Baba irin wanda kake yi wa 'yan siyasa. Babba, da firam. Yarana sau nawa suka gan shi? Ƙaramar ma ba za ta tuna kamanninsa ba. Ranar sadakar bakwai nake so, washegari zan koma."

"Ka san Kawu ba ya yarda a ɗauke shi."

"Na sani. Na kuma san kana da guda ɗaya. Da bakinka ka faɗa min."

Na faɗa masa kuwa, shekarun baya, cikin fankama. Abin da ban faɗa masa ba shi ne abin da na yi wa hoton. Na ce masa to, Allah ya kai mu.

Kawu ba ya gaggawa da mutum. In ka shigo shago ɗaukar hoto, sai ya zaunar da kai ya tambaye ka damina, ya tambaye ka farashin gero a kasuwarku, ya tambaye ka ko rijiyar garinku ta ƙafe, yana goge gilashin kyamara kamar ya manta abin da ya kawo ka. Sai ya ga kafaɗunka sun sauka, ka daina zare ido, sannan za ka ji ƙas. Ni da nake tsaye ina kallon layi yana tsawo a waje, sai in yi ta tsaki a raina.

Kala kuwa da hannu yake sawa. A zamanin hoton baƙi da fari, in ya wanke hoto ya bushe, sai ya tsinka fentin mai har ya zama kamar ruwan shayi, ya naɗa auduga a kan tsinke, ya bi riga, ya bi hula, ya bi labulen baya. Farcen babban yatsansa na hagu shi ne wurin gwajin kala, kuma duk tsawon zamanin nan launi bai taɓa rabuwa da shi ba. Nagatif ɗinsa suna cikin gwangwanayen biskit, kowane gwangwani da sunan gari a murfi. Ko ƙura ba ya yarda ta hau su. Maganarsa ɗaya ce a kan wannan, kuma na ji ta har ta ishe ni: "A kan kwafi ake wasa, ɗan Yaya. Asali ba a taɓa shi."

Ni wata uku na zo yi. Na gama sakandare ina jiran sakamako, Inna ta ce in je in riƙa share wa ƙaninta shago maimakon zaman banza a bakin tasha. Bana shekara sha tara ke nan. Da fim ya fara wuya, Kawu ya sayar da babur ɗinsa ya sayi kwamfuta da kyamara mai memori, ya ce ni mai boko in koya. A tsohon ɗakin wanke hoto aka ajiye kwamfutar, don nan ne ƙura ba ta shiga. Ɗakin ba shi da taga, ƙofarsa ɗaya, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. In aka ɗauke wuta sai in ji numfashina yana dawo min. A nan na yi samartakata, a nan na fara furfura.

Aikin fentin kwamfuta a waya na fara ganinsa, na yi ta gwadawa har na iya. Ga wanda bai sani ba, abin ba wuya. Za ka buɗe hoton a manhaja, ka yanke mutumin daga bayansa, ka sa masa baya mai duhu-duhu. Sai ka lailaye fata. Sai ka ɗauki wani abu da ke jan kala kamar yadda yatsa ke jan ɗanyen fenti, ka bi gemu, ka bi naɗin rawani, ka bi aikin wuyan riga. Daga nan ka kunna abin da ke mayar da hoton gabaki ɗaya shafe-shafen burushi, ka zaɓi kaurin burushin da yawan sheƙinsa, ka ƙara wa kaloli ƙarfi, ka ɗora saƙar yadi a sama. A aika Kano a buga a yadi, a sa firam mai ruwan zinare. Wanda ya gani a falo zai rantse wani ne ya zauna wata guda yana zanawa. 'Yan takara suka yi min caa, sai amare, sai alhazan ƙauye da ke son a ga ubansu a bango. Shagon da ya kusa mutuwa ya farfaɗo, kuma na ɗaga kai da wannan, ba kaɗan ba.

Sai dai manhajar tana da wani hali. Duk wani siririn layi a fata, a wurinta datti ne. Ba ta bambance tamoji da tabo, ba ta bambance tabo da tsagar gado. Tana bi ta share duka. In kana so tsaga ta tsira, sai ka zauna ka kewaye kowane layi da hannu kafin ka lailaye, aikin awa guda ko fiye. Yawancin masu kawo aiki kuwa ba su damu ba. Wasu ma abin da suke so ke nan.

A kan haka muka yi faɗanmu, guda ɗaya tak a shekara sha tara. Wani matashi mai neman kansila ya ce in cire masa tsagarsa, wai in ya je manyan garuruwa kallonsa ake yi. Na cire. Da aka kawo aikin daga Kano, Kawu, wanda a lokacin yana gani, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ɗan wa ne?"

Na faɗi gidansu.

"A'a. Na san gidan, ni na ɗauki ubansa, ni na ɗauki kakansa. Wannan ba ɗansu ba ne."

"Shi ya ce a cire, Kawu. Kai ma ai kana rina wa mutane riga."

"Riga!" Bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. "Riga kake haɗawa da abin da aka zubar wa jariri jini aka yi masa? Gobe jikansa zai kalli bango ya ɗauka haka suke."

Ni ma bakina bai mutu ba. Na ce zamani ya wuce gwangwanin biskit, na ce ba don kwamfutar nan ba da yanzu shagon nan mai cajin waya ne a ciki. Gaskiya na faɗa, amma ba ta kamata ta fito daga bakina ba. Kwana uku bai yi min magana ba. Rana ta huɗu ya turo ƙofar ɗakin, ya ajiye min kofin fura a gefen kwamfuta, ya ce, "Ka yi min alkawari ɗaya. Ka sa musu duk kalar da suke so. Fuska dai ka bar ta." Na yi masa alkawari.

Ba a jima ba yanar ido ta fara rufe masa gani. An yi aiki a ɗaya bai yi ba, ya ƙi yarda a taɓa ɗayan. A daidai lokacin wani kamfanin buga takardu a Kano ya neme ni. Na yi ta juya yadda zan faɗa masa, ashe ya riga ya ji. Ya kira ni ya ce in tafi, ya sa min albarka, har ya ce in ɗauki kyamarar, shi me zai yi da ita. Na haɗa jakata. Da safe na biyo ta shago in yi masa sallama, daga nesa na hango shi a tsaye a ƙofa da makulli a hannu, yana laluben ramin kwaɗo, makullin yana zamewa. Ya gwada, ya sake gwadawa. Masu wucewa suna gaishe shi yana amsawa da fara'a kamar ba komai. Na zo na karɓi makullin na buɗe. Jakar nan a ƙarƙashin teburin kwamfuta ta yi sati biyu kafin in mayar da ita gida.

Ban tafi ba, kuma na daɗe ban yafe masa ba, alhali shi bai riƙe ni ba. Wannan ne abin da ya fi ci min rai a yanzu. Da ya hana ni, da na samu wanda zan ɗora wa laifi.

Daga nan rayuwarmu ta tsaya wuri ɗaya. Kullum da safe a kawo shi, ya zauna a kujerarsa ta katako a bakin ƙofar ɗakin kwamfuta, bayansa ga titi. Ba ya ganin komai sai haske da duhu, amma kunnensa ya san ƙarar linzamin kwamfuta. In ya ji na daɗe ina aiki sai ya ce, "Wa kake yi?" In faɗa. Ya ce, "Mutanen Baure ne, suna da tsaga. Ka bar masa?" In ce, "Na bari, Kawu." Wani lokaci na bari ɗin. Yawanci ban bari ba. Aiki ya yi yawa, man janareto ya yi tsada, mai hoton ba zai tambaya ba, mai tambayar kuma ba zai gani ba. Sai ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yi albarka. Shekara bakwai muna haka, shi ba ya iya fita daga duhunsa, ni ba na iya fita daga ɗakin, amsar nan kuma tana tsakaninmu kullum.

Hoton nasa guda ɗaya, ranar da aka kawo sabuwar kyamara na ɗauke shi ba da saninsa ba. Wani ya yi sallama, ya juya zai amsa, hasken ƙofa ya sauka a kuncinsa na hagu, na danna. Da na fara koyon fenti ina neman abin gwaji, sai na ga ai ga hoto mai kyau wanda ba mai zuwa karɓa. A kansa na koyi lailaya, a kansa na koyi jan kala. Kullum na gama sai in adana sabon a kan na jiya, ya shafe shi. Ban ware asali ba. Memorin da ke ɗauke da shi kuwa na share shi tun tuni don wani biki a Zango. Maganar da Kawu ya fi maimaitawa a duniya, a kan fuskarsa na fara karya ta.

Rana ta huɗu da rasuwar na shiga ɗakin na buɗe hoton. Ya yi kyau, ba laifi. Hula zanna, gemu fari tas, ido yana sheƙi, kunci sumul kamar na ɗan shekara talatin. Wani attajiri ne da ban taɓa gani ba. Na kira taubashina.

"Kai, mai fenti, ka mayar da Baba gwamna," ya ce yana dariya. Dariyar ta yi ta raguwa. Ya matso da fuskarsa. "Ina tsagarsa?"

Na faɗa masa gaskiya. Na ɗauka zai zage ni, da ma ya zaga. Sai ya ce, "To ai kai ka goge, kai za ka mayar. Zana masa."

"Guda nawa ne?"

Ya ce shida-shida. Can ya ce ko biyar. Ya ce in tambayi kaina mana, ni da na shekara sha tara ina zaune da shi ƙafa da ƙafa. Na rufe ido na nemo fuskar Kawu. Ina ganin goshinsa, ina ganin yadda yake tauna gefen leɓe in yana tunani, ina ganin akwai layuka daga wajen kunne zuwa gefen baki. Nawa ne, ina suka fara, ina suka tsaya, ban sani ba.

Kwana biyu na yi ina yawon tambaya. Matar Kawu tana takaba, na aika 'yarta, amsa ta dawo cewa ita ta taɓa tsayawa tana ƙirga fuskar mijinta? Liman ya ce biyar, sannan ya ce kada in kafa hujja da shi. Mai shayin da ke gefen shago ya rantse bakwai ne. Katin zaɓen Kawu ya goge a aljihu har ba a gane hanci. Hotunan da jikoki suka sata da waya a wurin bukukuwa duk daga nesa ne, ko ya kawar da kai, ko ya tare da hannu. Na je gidan wanzaman da suka gaji yi wa dangin su Kawu aski, na tarar da jikan yana aski da injin lantarki, ya ce su tun kafin a haife shi aka daina tsaga, bai ma san wace iri ce ta wane gida ba. Na zauna na buɗe gwangwanayen biskit ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga nagatif wajen haske, ko wani ya taɓa karɓar kyamarar ya ɗauke shi. Duk ƙasar Daura tana ciki, shi ne kawai babu.

Zan iya zana shida in ba taubashina, ba zai gane ba, yaransa ma ba za su gane ba. Na ma fara. Na ja layi uku hannuna ya ƙi.

Mutum ɗaya ta rage, kuma ita nake gudu. Ni ne ɗan farin Inna, wanda ta samu bayan ta daɗe ba haihuwa. Ba ta kiran sunana, ba ta zama ta yi hira da ni, ni ma tun da na yi wayo ban taɓa tsayar da ido a fuskarta ba. In ina gabanta tabarma nake kallo. Rana ta shida da safe na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata abin da ake ciki, ban rage komai a kan hoton ba. Ta saurara har na gama. Can ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa wannan ya samo keken haya mai ƙafa uku."

Ba ta taɓa shiga shagon ba sai ranar. Na jawo mata kujerar Kawu cikin ɗakin, da ƙyar muka samu wuri mu biyu. Ta kalli allon kwamfutar ta daɗe.

"Wane ne wannan?"

"Kawu ne, Inna."

"A'a."

Ta ja mayafinta baya, ta juyo da kuncinta wajen hasken allon. "Aska ɗaya ce, wanzami ɗaya. Duba nawa."

Na ɗaga kai. Ina da shekara kusan arba'in, ranar na fara kallon fuskar mahaifiyata. Sun nutse cikin tamoji, amma suna nan. Na ƙirga da ido, biyar. Na buɗe sabon shafi a kan hoton, na ɗauki burushi mafi siriri, na ɗebo kala daga inuwar ƙarƙashin gemunsa, na fara ja, ina kallonta ina kallon allo. Da na gama na biyar na saki linzamin. Hoton ya fara kama da ɗan gidansu.

"Na huɗun ba haka yake ba," ta ce.

"Haka naki yake, Inna."

"Nawa ne haka. Nasa bai kai ƙasa ba. A rabi ya tsaya, ya karkata wajen kunne."

Na goge na sake ja. Ta ce ya yi tsawo. Na rage. Ta ce karkatar ba nan take ba. Sai ta miƙo yatsa ta ɗora a kan gilashin, a kan kuncin ƙaninta. Na kai kan burushin ƙarƙashin yatsan, tana ja a hankali ina bin ta.

"Ranar sunansa ina 'yar shekara takwas," ta ce, ba ta ɗauke yatsan ba. "An ce yara su fita, na ƙi. Na ji ya tsala kuka, na ruga in ƙwace shi. Na bugi gwiwar hannun wanzamin. An yi min dukan da ban manta ba. Waɗanda suka gani duk sun mutu. Shi kuma ya ɗauka haka aka so a yi masa."

"Ba ki taɓa gaya masa ba?"

"Kullum sai in ce zan gaya masa in nemi gafara. Sai in ga ai yana nan."

Ta ɗauke yatsan. Ɗan layin nan da bai kai tsawon ƙwayar gyaɗa biyu ba, yana zama a wurinsa sai Kawu ya shigo hoton. Ban san yadda zan bayyana ba. Sheƙin yana nan, kuncin sumul yana nan, amma shi ne, ya juya zai amsa sallama. Inna ta ce, "Auta." Sai kukan da ta riƙe kwana shida ya zo. Ban san abin da ɗan fari ke yi in uwarsa tana kuka a gabansa ba, ɗakin kuma ba wurin matsawa. Na zauna ina kallon hannuna.

Da ta lafa, ni ma na faɗi nawa. Na gaya mata alkawarin, na gaya mata shekara bakwai na "na bari, Kawu", na gaya mata akwai hotuna a falukan mutane daga nan har bakin iyaka da na share wa iyayensu fuska, kuma ba ni da asalin yawancinsu. Ina so ta ce ya yafe, ko ta ce da ya sani zai yafe. Ba ta ce ba.

"Wannan tsakaninka da shi ne," ta ce. "Kamar nawa."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a duniya, ya yafe masa, ya sa ya yafe mana ranar da za mu haɗu. Hoton ya tafi Kano da direban safe, ya dawo da la'asar ranar sadaka, yanzu yana Kaduna. Ni ina nan a ɗakin.

Amma ranar da muka gyara hoton, da na taimaka wa Inna ta miƙe, ba ta nufi titi ba. Ta tsaya a gaban labulen da ake ɗaukar mutane, ta gyara mayafinta yadda kunci zai fito, ta yi magana tana kallon bango, ba ni ba.

"Ɗauke ni kafin mai keken ya dawo. Yadda nake. In na tafi ba wanda za ka tambaya."

Na ɗauka. Na adana shi a wuri uku, kuma har yau ban buɗe shi a manhajar ba.